Zaren da Aka Yanke da Haƙori

Da hantsin Laraba aka gane cewa kamfanin kaji ya gudu. Kwaɗo biyu ne a ƙofar ofishin, allon nan mai hoton kaza da ƙwai yana nan a sama, amma ta taga kana hango ɗakin wayam, ko kujerar baƙi ba a bari ba. Kafin rana ta take, mutum ya fi ɗari biyu a bakin titin: teloli, direbobi, malaman makaranta, da matan da suka sayar da 'yan kunnensu suka zuba. Tsarin ba shi da wuyar ganewa, shi ya sa ya ci mutane. Ka ba da kuɗin kaji ɗari, kamfani ya kiwata maka su a gonar da ba wanda ya taɓa gani, duk ƙarshen wata a miƙo maka ribar ƙwai. Wata shida ana biya ba fashi. A na bakwai Manaja ya kashe wayarsa.

Da yake Manaja ya yi nisa, sai aka nemi wanda hannu zai iya kai wa. Auta ce ke zama a teburin karɓar kuɗi, yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, aikinta na farko ke nan a duniya. Ta zo aiki yadda ta saba, da jakarta a kafaɗa, ta tarar da taro. Ba don 'yan sanda sun jefa ta a mota ba, da abin da za a ba da labari daban ne.

Mahaifinta shi ne wanda unguwa ke kira Baba Gandiroba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kulle ƙofa a kan mutane a gidan yari. Da ya yi ritaya sai ya koma bin sawun waɗanda suka tsallake beli, masu tsaya musu su biya shi ya nemo su. Ba ya gudu, ba ya ɗaga murya, tambaya kawai yake yi har sawu ya fito. Amma ran nan da ya isa caji ofis ya ga 'yarsa a bayan ƙarfe, ta riƙe sandunan da hannu biyu, sai da ya nemi bango ya jingina.

"Baba, wallahi ban ci ko sisi ba," in ji ta.

"Na sani. Share hawayenki ki ba ni amsa. Wa ke sa hannu a rasit?"

"Darakta."

"Wane ne Darakta?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Manaja ke kawo littafin rasit duk Litinin, an riga an sa hannu a kowane shafi. Ni adadi kawai nake cikewa, sai in rubuta a babban littafi."

Sufeto ya ja shi gefe. Sun san juna tun zamanin kai fursunoni kotu, don haka bai ɓoye masa komai ba.

"Babban littafin yana hannuna, kuma rubutunta ne daga farko har ƙarshe. Manaja sunan ƙarya ya bayar. Darakta kuwa, ban ga ko inuwarsa ba. Litinin zan kai ta kotu, Baba. Ba ni da yadda zan yi."

Baba Gandiroba ya san abin da ke bayan Litinin fiye da kowa a garin. Irin wannan shari'a ba a ba da beli da wuri. Za a ce a tsare ta kafin a gama bincike, kuma ya taɓa ganin wanda ya shekara huɗu yana jiran a gama binciken. Ya san ɗakin matan, ya san bokitin da ke kusurwa, ya san yadda idon yarinya ke komawa bayan wata uku. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da fursunoni suka yi bore.

*

Alhamis ya fara da mai ginin da ofishin yake ciki, domin shi mutane suka fi zargi bayan Auta. An ce an ga mota a bayan ofishin ranar Talata, kuma shi kaɗai ke da makullin ƙofar baya. Mutumin ya tarbe shi da rantsuwa tun kafin a tambaye shi komai.

"Motar gaskiya ce, Baba. Manaja ya ce fenti za su yi, na buɗe musu da hannuna. Ni da na zuba kuɗin kaji ɗari uku? Matata ko magana ba ta yi mini tun jiya."

"Wa ya kawo maka su haya?"

"Manaja da kansa."

"Kai kuma wa ya sa ka zuba?"

"Mai shagon fenti, wanda aka naɗa ciyaman na waɗanda aka cuta jiya. Shi ya fara shiga, ya nuna mini ribarsa. Bawan Allah, shi ya fi kowa asara."

Ya buɗe masa ofishin. Baba Gandiroba ya bi ɗakin a hankali, ya duba bayan ƙofa, ya ɗaga ledar ƙasa. A cikin kwandon shara, ƙarƙashin ɓawon ayaba, ya sami gindin littafin rasit, wato ɓangaren da ke saura bayan an yage shafukan. Ba rubutu a jiki. Har zai yar, sai babban yatsansa ya ji zare.

Ya matsa kusa da taga. Ba maƙala littafin aka yi da inji ba, ɗinka shi aka yi da hannu. Huji biyar, kowanne da ɗan kusurwa, alamar da ƙusa aka huda. Ya kai zaren hanci, ya ji ƙanshin sabulun wanki. Ya dubi bakin zaren bayan ƙulli, ya gan shi a tattaune. Ya san ɗinkin nan kamar yadda ya san tafin hannunsa. A ɗakin sana'a na gidan yari ba a ba fursuna basilla, ba a ba shi almakashi, ba kuma kakin zuman da zai goge zare. Da ƙusa yake huji, da sabulu yake goge zare, da haƙori yake yankewa.

*

Da yamma ya je gidan Ciyaman, ya tarar da layi har waje. Mutumin ƙato ne, ga gemu ya fara furfura, ga murya mai sanyi. Shekara biyu da suka wuce ya zo unguwar ya buɗe shagon fenti. Idanunsa sun yi ja saboda kuka, kuma duk wanda ya zo sai ya riƙe hannunsa ya ba shi haƙuri.

"Baba Gandiroba, sannu da wannan jarrabawa," in ji shi. "Ni ban ce 'yarka ce ba. Amma ka san mutane sun ji zafi."

"Me ake karɓa a layin nan?"

"Rasit. Lauya ya ce a tattaro na asali duka wuri ɗaya, in ba haka ba kotu ba za ta saurare mu ba. Ranar Lahadi za mu rufe karɓa a makarantar firamare, sai in kai masa."

"Wane lauya?"

"Wani ne a babban birni. Ƙwararre."

Ciyaman ya tashi raka shi. Da suka iso ƙofar falo, wadda take a rufe, sai Ciyaman ya tsaya cak a gabanta, hannuwansa a baya, har sai da wani daga cikin masu layi ya miƙa hannu ya buɗe. Mutane suna ɗaukar irin wannan a matsayin halin manya, masu son a yi musu hidima. Baba Gandiroba ya lura, amma hankalinsa yana kan wani mutum daban, don haka ya ajiye abin a gefen zuciyarsa ya wuce.

*

Mutumin da yake zargi shi ne Dogo, mai gyaran takalmi a can ƙarshen kasuwa. Dogo ya yi shekara tara a gidan yari, kuma shi ne yake koyar da ɗinkin littafi a ɗakin sana'a. Da safiyar Juma'a Baba Gandiroba ya tsaya a kansa ba sallama, ya jefa masa gindin rasit ɗin a cinya.

"Nawa suka biya ka?"

Dogo ya ɗaga kai. Ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Yallaɓai, shekara goma sha biyu da fitowata. Har yau in an yi sata a kasuwar nan ni ake fara tambaya. Ban zaci har da kai ba."

Kunya ta kama tsohon, amma bai janye ba. "'Yata ce a ciki, Dogo."

Dogo ya ɗauki abin, ya juya shi, ya shinshina. Sai ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna masa yatsu biyu da suka ƙage tun wani haɗarin mota. "Da wannan hannun zan ja zare ya yi tsauri haka? Ga almakashi na nan, ga basilla. Ranar da na fito su na fara saya, na rantse ba zan ƙara sa zare a baki ba." Ya sake duban ƙullin. "Amma na san mai shi. Ka ga ya zagaya hujin tsakiya sau biyu? Na hana shi har na gaji. Akawu ne."

"Wane Akawu?"

"Lokacin an yi maka canjin wurin aiki, ba ka san shi ba. Siriri ne, ba gemu, ga baki kamar zuma. Sau uku yana shiga. Na farko hannun jarin shinkafa, na biyu filaye, na uku babura. A cikin ɗaki yake ba mu labari yana dariya. Ya ce wawa ne ke gudu. Shi ba ya zama a ofis, sai ya ɗauko wani ya sa masa kwat ya kira shi manaja, ya ɗauko 'ya'yan mutane su riƙe biro. Shi kuma ya zama mutum na farko da ya zuba, ya zagaya yana nuna riba. Ran da abu ya fashe, shi zai fi kowa kuka."

Baba Gandiroba ya matso kusa. "To yaya aka yi ake kama shi?"

"Takarda. Duk sau ukun wani ne ya ajiye rasit mai sa hannunsa. Ya ce in ya sake fita ba zai bar ko guda a hannun mutane ba. Ko wurin masu buga takarda ma ba zai ƙara kai ɗinki ba, don suna tuna fuska."

Tsayuwar da Ciyaman ya yi a ƙofar falo jiya ta dawo masa. Wanda ya daɗe a gidan yari yakan manta cewa ƙofa abu ce da mutum ke buɗewa da kansa.

"Dogo, ka yafe mini," in ji shi. "Ranar Lahadi ina so ka rufe rumfa."

Daga nan ya wuce ɗakin ajiyar takardu na kotu. Matar da ke kula da wurin ta san shi, ta yi masa mita, amma ta tono fayil uku na shari'o'in Akawu. Suna uku daban-daban, gari uku, hoto ɗaya: siririn mutum mara gemu. A kowane fayil akwai wasu sunaye a ƙasan nasa, masu karɓar kuɗi da masinjoji. Ɗaya daga ciki yarinya ce da aka ɗaure shekara biyar, ta fi shi kansa Akawun daɗewa. Ya kai wa Sufeto fayilolin. Sufeto ya dubi hoton ya girgiza kai.

"Wannan siriri, wancan ƙato. Ba zan kama shugaban waɗanda aka cuta a kan hoton shekara goma sha biyar ba, mutane za su ƙona mini ofis. Ka ba ni abin da za su gani da idonsu."

"Ka zo Lahadi, ba da kayan sarki ba."

*

Ajin ya cika maƙil, manya sun takura a kan bencin yara. Mai ginin yana gaba, Dogo yana can baya ya ja hula har gira, Sufeto ya tsaya kusa da taga kamar ɗan kallo. An rufe ƙofa saboda hayaniyar waje. Ciyaman yana zaune a teburin malami, a gefensa ga jakar rasit ta kumbura, a gabansa ga rajistar sunayen waɗanda suka kawo.

Shigowar Baba Gandiroba ta tayar da gunaguni. Wata mata ta ce, "Uban ɓarauniya ya zo." Ya ji, ya shanye. Ya je gaban teburin ya ajiye takardu huɗu cike da sunaye, da ɗan almakashi a kansu kamar don kada iska ta kwashe su.

"Ciyaman, waɗannan mutanen ƙetaren titi ne, kunya ta hana su zuwa. Sun ce a haɗa sunayensu a rajista kafin a kai wa lauya, gobe za su kawo rasit ɗinsu."

Idon Ciyaman ya yi haske da jin akwai sauran rasit a waje. "Madalla. Sai dai rajistar ta cika."

"Bari in gani."

Ya ɗauki rajistar, ya ga huji biyar a gindinta. Ya sa farce a ƙarƙashin zaren ya fincike shi da gangan, shafuka suka zube a kan tebur. Aji ya ɗauki tsaki. Tsohon ya shiga ba da haƙuri, yana cewa hannun tsufa ne.

"Ba komai, Baba, ba komai," in ji Ciyaman, yana murmushin mai haƙuri don kowa ya gani. "Minti biyu ne."

Ya buɗe jakarsa ta hannu ya fito da allura, da zare, da ƙusa, da ɗan guntun sabulu. Ya jera shafukan tare da sababbin, ya huda, ya ja zaren a kan sabulu sau uku. Yana ɗinki yana yi wa mutane bayanin lauya, ko kallon hannunsa ba ya yi. Ya zagaya hujin tsakiya sau biyu, ya ƙulla. Almakashin yana nan kusa da gwiwar hannunsa. Ya sunkuya ya sa haƙori.

"Akawu!" Muryar Dogo ta taso daga baya. "Sau nawa zan ce maka sau ɗaya ake zagaya tsakiya?"

Ciyaman ya ɗago da zaren a leɓensa. Kafin ya tuna ko shi wane ne a wannan unguwa, ya riga ya juya ya amsa da ido.

Baba Gandiroba ya ciro gindin rasit daga aljihu ya ajiye kusa da rajistar. "Jama'a, ku matso. Wannan a kwandon sharar kamfani na tsince shi. Wannan kuma yanzu aka ɗinka a gabanku. Mai gini, ƙirga hujin. Hajiya, ke da kika kira ni uban ɓarauniya, shinshina zaren."

Matar ta karɓa, ta kai hanci, ta kai ɗayan. "Sabulu ne," in ji ta a hankali. "Duka biyun."

"Sharri ne!" in ji Ciyaman. "Mutum nawa ke ɗinki haka a duniya? Ni ma an cuce ni!"

"To faɗa mana sunan lauyan," in ji mai ginin.

Ciyaman ya jawo jakar rasit kusa da shi.

"Wa ya fara nuna muku riba?" Baba Gandiroba ya tambayi ajin. "Kowa ya tuna."

Aka fara kallon juna, sannan duk idanu suka koma wuri ɗaya. Sufeto ya bar taga, ya ɗora hannu a kan jakar rasit, ya zaro guda ya jera shi da takardar da ke cikin tsohon fayil. Sa hannun Darakta da sa hannun siririn mutumin nan na shekara goma sha biyar baya, hannu ɗaya ne ya yi su.

"Da ka kai jakar nan gida yau, da wuta ce lauyanta," in ji Sufeto. "Sai ya rage rubutun yarinya kaɗai."

Ciyaman ya ture tebur ya yi tsalle, abin mamaki ga mai jiki irin nasa. Ya ratsa tsakanin benci ya isa ƙofa kafin kowa ya motsa. Ƙofar a rufe take kawai, ba sakata, ba makulli. Ya tsaya a gabanta yana haki, hannuwansa suka koma baya da kansu. Daƙiƙa biyu ce ko uku, amma sun ishi Sufeto.

*

Litinin da rana aka saki Auta. Akawu ya faɗi inda Manaja yake tun kafin a gama tambayarsa, kamar yadda ya yi a fayil ukun da suka gabata. Kuɗin mutane kuwa, abin da aka samo bai kai rabi ba, kuma har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa da gidan Baba Gandiroba.

Bai damu da wannan ba a ranar. Ya riƙe mata jaka, suka taho gida a ƙasa, yana ba ta labarin yadda Dogo ya daka tsawa, ita kuma tana murmushi kaɗan-kaɗan. Uwarta ta rungume ta a tsakar gida ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta ce ta shiga ɗaki ta canza kayan nan, a ƙona su.

Baba Gandiroba ya zauna yana cire takalmi. Da ya ɗaga kai sai ya ga Auta tsaye a gaban ƙofar ɗakinta, ɗakin da ta girma a ciki, ta sunkuyar da kai, hannuwanta a baya. Kwana biyar kawai ta yi.

Ya miƙe zai buɗe mata, kamar yadda ya yi wa dubban mutane a shekara talatin da ɗaya. Sai ya tsaya, ya mayar da hannunsa aljihu, hawaye na bin gemunsa.

"Auta," in ji shi, "ba a kulle take ba. Buɗe da kanki."